Ɗana, Idan Wuta Ta Dawo Wa Zai Tayar da Sabar?

Ɗana, zauna mu yi magana a kan aikin da aka damƙa maka. An ba ka sabar, an ce ka ɗora mata shirye-shiryen da jama'a za su riƙa shiga ta intanet ko ta layin ofis: shafin makaranta ne, rumbun bayanan asibiti ne, manhajar biyan albashi ce, ko ma dai mene ne. Na san abin da yawancin matasa suke yi a ranar farko. Su buɗe tagar umarni, su rubuta sunan shirin, su ga ya kama aiki, su maƙala masa nohup ko su ɓoye shi a cikin screen don kada ya mutu idan sun rufe tagar, su kaɗe riga su tafi gida. Shirin da ka tayar da hannunka haka yana da rai ne kawai zuwa lokacin da za a ɗauke wuta batirin inbata ya ƙare, ko shi da kansa ya ci karo da wani abu ya faɗi. Daga nan sai an nemo ka. In kana masallaci, ko kana kan hanya, ko kana kwance ba lafiya, sai mutane su yi jugum suna jiran ka.

Akwai masu jin daɗin a riƙa neman su haka, suna ganin darajarsu ce ta ƙaru tunda babu mai iya tayar da injin sai su. Ina roƙon ka kada ka shiga sahunsu. Amana aka ba ka, kuma ba ta cika ba sai injin ya iya tashi ko ba ka nan, ya kuma rubuta abin da ya same shi yadda wanda zai gaje ka zai karanta ya gane. Duka biyun aikin shiri ɗaya ne, wato mai kula da hidimomi, kuma a kansa nake so ka ba ni hankalinka.

Idan kwamfuta mai Linux ta kunnu, da zarar zuciyar tsarin ta gama shirya kanta, shiri ɗaya tak take tayarwa, ta ba shi lamba 1. Duk abin da zai motsa daga baya a ƙarƙashinsa yake fitowa. A tsohon salon System V, rubutattun umarni ne a jere cikin /etc/init.d, ana bin su ɗaya bayan ɗaya bisa lambar da aka sa musu. Su tayar da shiri su juya baya, in ya mutu bayan minti biyar babu ruwansu. A 1986 tsarin 4.3BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya zo da inetd, shiri ɗaya da ke tsaye yana sauraron ƙofofi da yawa, sai wani ya ƙwanƙwasa sannan ya tayar da wanda ya dace, domin a lokacin wurin ajiya a kwamfuta tsada gare shi. Daga baya xinetd ya ƙara tantance waɗanda za a buɗe wa ƙofa da rubuta wanda ya shiga da wanda aka kora. A ƙarshen shekarun 1990 Daniel Bernstein, wanda ya rubuta qmail, ya fitar da daemontools, ya tsaya a kan abu biyu da har yau su ne ƙashin bayan sana'ar: shirin da ya faɗi a ɗaga shi nan take, abin da ya furta kuma a miƙa wa wani shiri dabam ya adana. Apple ya fito da launchd a 2005. Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd a 2010, Fedora 15 ta ɗauke shi a 2011, Red Hat Enterprise Linux 7 a 2014, Debian 8 da Ubuntu 15.04 a 2015.

Za ka ji manya suna ta jayayya a kan systemd, har wasu suka ɓalle daga Debian suka kafa Devuan don guje masa. Suna da hujjojinsu, ni ma ba duk abin da ya tattara wa kansa nake yabawa ba. Amma kai ba jayayya aka ɗauke ka yi ba. Sabar da ke gabanka kusan tabbas systemd take amfani da shi, to ka san shi ciki da waje. In wata rana ka faɗa kan Alpine mai OpenRC ko Void mai runit, tambayoyin da za ka yi wa kanka ba za su canza ba.

Mu ɗauka manhajar albashi ce. Za ka rubuta mata ɗan fayil mai suna albashi.service, ka ajiye a /etc/systemd/system. Nan ne wurinka. Abin da ke cikin /usr/lib/systemd/system na waɗanda suka haɗa kunshin ne, duk gyaran da ka yi a can ranar da aka sabunta kunshin za a share shi, ka rasa dalilin da abu ya koma gidan jiya. In fayil ɗin wani kake son gyarawa, ka yi systemctl edit da sunan hidimar, zai buɗe maka ƙaramin fayil a gefe ka rubuta canjinka kaɗai. Fayil ɗin naka sashe uku ne: Unit mai faɗin ko ita wace ce da abin da take jira, Service mai faɗin yadda ake tayar da ita, da Install mai faɗin lokacin da ake buƙatar ta. A layin ExecStart ka rubuta cikakkiyar hanyar shirin tun daga tushe, kamar /opt/albashi/bin/albashi, kuma ka sani ba tagar umarninka ce za ta karanta layin ba, don haka alamomin juya fitarwa zuwa fayil ko haɗa shiri da shiri da ka saba da su ba za su yi aiki a nan ba. Duk lokacin da ka taɓa fayil ɗin, ka bi shi da systemctl daemon-reload, in ba haka ba tsohon rubutun zai ci gaba da bi.

Ga inda ake yawan zamewa. Umarnin start dabam, enable dabam. Na farko yana tayar da hidima yanzu-yanzu. Na biyu shi ne yake sa ta cikin jerin waɗanda za su tashi duk lokacin da injin ya kunnu, ta hanyar layin WantedBy=multi-user.target da ka sa a sashen ƙarshe. Mutum ya yi start, ya ga komai lafiya, watanni su wuce, ranar da wuta ta yi dogon zango janareta ya ƙi tashi, sabar ta dawo amma manhajar tana kwance. Ka haɗa su: systemctl enable --now albashi. Kuma kada ka yarda da aikinka sai ka gwada shi. Ka sanar da mutane, ka zaɓi lokacin da ba kowa a kai, ka kashe injin da gangan ka kunna, ka naɗe hannu kada ka taɓa komai, ka ga ko zai kai kansa inda kake so.

A wannan gwajin ne za ka gano matsalar jeri. Layin After tsari kawai yake faɗa, wato wannan ya biyo bayan wancan, ba ya tayar da kowa. Wants da Requires su ne masu jawo ɗayar hidimar ta tashi, su kuma ba su damu da wanda ya riga wani ba. In manhajarka ba ta aiki sai da PostgreSQL, ka rubuta duka biyun. Haka nan network.target ba ya nufin injin ya samu adireshin IP. Wanda ke jiran hakan shi ne network-online.target, kuma sai ka sa shi a Wants da After tare. Wannan ya fi shafar mu da muke zaune inda wuta ke zuwa tana tafiya, domin idan ta dawo komai tare yake kunnuwa, sabar kuwa sau da yawa takan riga na'urar raba intanet gama shiri. Manhajar ta tashi, ta nemi hanya ta rasa, ta faɗi. Ka zo da safe ka tayar da ita da hannu ta kama nan take, ka ce aljanu ne. Ba aljanu ba ne, sakan talatin ne tsakanin na'urori biyu.

Sai maganar ɗaga wanda ya faɗi. In ba ka rubuta komai ba, systemd ba ya sake tayar da hidimar da ta mutu. Restart=on-failure zai ɗaga ta idan ta fita da kuskure ko aka kashe ta ba bisa ƙa'ida ba, Restart=always kuma ko da sallama ta fita zai dawo da ita. Tsakanin faɗuwa da ɗagawa, abin da aka tsara tun asali kashi ɗaya ne cikin goma na daƙiƙa, kuma idan hidima ta tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, sai ya haƙura ya bar ta a kwance har ka zo ka duba. Wasu suna ganin wannan haƙurin aibi ne, su cire iyakar gaba ɗaya. Ni ban yarda ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Manhajar da ke tashi ta rubuta rabin lissafi ta faɗi, ta sake tashi ta sake rubuta rabi, ta fi wadda ke kwance ɓarna. Ka lura da wani abu da ba kowa ke gani ba: in ka sa RestartSec=5 don ba ta ɗan numfashi, to ba za ta taɓa tashi sau 5 cikin daƙiƙa 10 ba, ka rushe iyakar ke nan ba ka sani ba. Sai ka faɗaɗa StartLimitIntervalSec a sashen Unit, ka mai da shi kamar 300, lissafin ya daidaita. Bayan ka gyara abin da ya kayar da ita, systemctl reset-failed zai goge mata ƙidayar.

Tsofaffin shirye-shirye suna da ɗabi'ar haifar kwafin kansu su tura shi bayan fage, uwar ta fita. In ka bar Type=simple ga irin wannan, systemd zai ga uwar ta fita ya ɗauka aiki ya ƙare, ya bi sauran ya kashe. Ko ka sa Type=forking, ko kuma, abin da na fi so, ka umarci shirin ya tsaya a gaba, kamar yadda ake tayar da sshd da alamar -D. Wajen tsayarwa kuma, sigina ta lalama ake fara aika masa, a jira shi daƙiƙa 90, in ya ƙi a kashe shi da ƙarfi. Rumbun bayanai mai nauyi zai iya buƙatar fiye da haka kafin ya gama zuba abin da ke hannunsa a faifai, to ka ƙara masa lokaci da TimeoutStopSec.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato iko. Hidimar da ba ka sa wa layin User ba, da ikon root take gudu, ikon da babu fayil ɗin da ya gagare shi. Shiri ne fa da ke tsaye a bakin intanet yana karɓar saƙo daga wanda bai sani ba. Duk ranar da aka samu ɓaraka a jikinsa, wanda ya shigo ya gaji duk ikon da ka ba shi. A Nuwamba 1988 tsutsar da Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki ta bi ta irin waɗannan shirye-shiryen bayan fage, fingerd da sendmail, ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Shekaru sun ja amma hanyar shigar ba ta sauya ba. Ka buɗe wa kowace hidima asusunta marar iko. In hujjarka ita ce ƙofofin da ke ƙasa da 1024, irin su 80 da 443, ba sa buɗuwa ga talaka, akwai AmbientCapabilities=CAP_NET_BIND_SERVICE da zai ba ta wannan izinin kaɗai. Ka ƙara NoNewPrivileges=yes don kada ta ɗaukaka kanta, ProtectHome=yes don ta daina ganin fayilolin mutane, PrivateTmp=yes, da ProtectSystem=strict wanda zai hana ta rubutu ko'ina sai inda ka ambata a ReadWritePaths. Umarnin systemd-analyze security zai ba ta maki daga 0 zuwa 10, yawan makin shi ne yawan tsiraicinta. Ba lallai ka kai ƙasa ba, amma ka duba ka san inda kake.

Ka kuma saba da ss -tlnp. Zai nuna maka kowane shiri da ke sauraro ta TCP da ƙofar da yake tsaye. Wanda ka ga 127.0.0.1 a gabansa, cikin gida kaɗai yake amsawa. Wanda ka ga 0.0.0.0, duk wanda hanya ta kawo shi zai iya yi masa magana. A farkon 2017 an kwashe dubban rumbunan MongoDB da masu su suka bari a buɗe ga duniya ba kalmar sirri, aka bar musu takardar neman fansa. Rumbun bayananka ba shi da abin yi a bakin titi. Duk hidimar da ba ka san amfaninta ba, ka bincika, in babu mai buƙatar ta ka yi mata disable.

Mu zo ga rubutu. Maigadin kirki yana da littafi a ƙofa: wane ya shigo ƙarfe kaza, mota kaza ta fita. Ranar da abu ya ɓace, littafin ake fara nema. A systemd mai riƙe littafin shi ne journald, kuma duk abin da hidima ta furta, na al'ada da na kuskure, kai tsaye can yake zuwa da lokaci da sunanta, ba sai ka shirya komai ba. Da journalctl -u albashi za ka ga nata kaɗai, ka ƙara -f ka zauna kana kallo yana shigowa, ka sa -b -1 ka ga abin da ya faru kafin kunnawar ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi ne wanda za ka fi buƙata a ranar baƙin ciki, kuma shi ne wanda yakan fito fayau. Dalili kuwa, a sabobi da yawa journald ba ya ajiya a faifai sai in ya tarar da foldar /var/log/journal. In babu ita, a /run/log/journal yake zubawa, wato cikin RAM, wuta na ɗaukewa komai ya tafi. Wasu nau'o'in Linux suna zuwa da foldar, wasu ba sa zuwa da ita. Ka rubuta journalctl --list-boots yau ɗin nan. In layi ɗaya kawai ka gani alhali an sha kunna injin, ka buɗe /etc/systemd/journald.conf ka sa Storage=persistent.

Ko bayan haka, ka san cewa saƙonnin yau da kullum ba a tilasta zuba su a faifai sai bayan kowane minti 5, masu tsananin gaggawa ne kawai ake zubawa nan take. Yankewar wuta farat ɗaya na iya tafiya da layukan ƙarshe, waɗanda su ne ka fi so ka gani. Shi ya sa UPS da aka haɗa da sabar ta yadda zai umarce ta ta kashe kanta cikin natsuwa kafin batir ya ƙare ya fi wanda aka jona kawai aka bari yana ƙara. In manhajarka da Python aka rubuta ta kuma ka ga kundin shiru alhali tana aiki, tara maganarta take yi kafin ta saki, ka sa mata PYTHONUNBUFFERED=1 za ka ji bakinta.

Kundi kuma yana da ciki. Journald yana tsayawa a kashi 10 cikin 100 na faifai, kuma ba ya wuce gigabait 4 sai in ka canza SystemMaxUse, daga nan ya riƙa share na baya. Amma shirin da ke rubuta nasa fayil a gefe, kamar nginx a /var/log/nginx, babu mai tsayar da shi sai logrotate. Na ga wani ofis da aiki ya tsaya cak da tsakar rana, ma'aikata suna ta zargin masu kutse, ashe wani ne ya kunna matakin debug don neman wata matsala ya manta bai kashe ba, fayil ɗaya ya cinye faifan har rumbun bayanai ya rasa inda zai rubuta. Matakan nan takwas ne, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na debug, gadon syslog da Eric Allman ya rubuta a shekarun 1980 saboda Sendmail. Na 7 na lokacin bincike ne, ka gama ka mayar.

Kada ka raina agogo. Kundin da lokacinsa ya karkace ba ya zama shaida, domin ba za ka iya jera shi da na wani injin ka ga wanda ya fara faɗuwa ba. Tsohon inji mai mataccen batirin agogo yakan farka a wata shekara dabam, ƙananan Raspberry Pi da yawa kuma ba su da agogon da ke tafiya idan an kashe su. Ka duba timedatectl, ka tabbatar chrony ko systemd-timesyncd yana daidaita shi. In za ka bar sabar a kan UTC, ka tuna Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya, don kada ka nemi abin da ya faru ƙarfe goma a layin ƙarfe goma alhali yana layin ƙarfe tara.

Abin da kake rubutawa ma akwai hakki a ciki. Kalmar sirri, lambar asusun banki, sakamakon gwajin marar lafiya, babu ɗayansu da ya kamata ya faɗa cikin kundin da kowane ma'aikacin sashenku zai iya buɗewa. Haka nan kada ka zuba kalmar sirrin rumbun bayanai a layin Environment, domin duk mai asusu a injin zai gan ta da systemctl show. Ka sa ta a fayil ɗin da root kaɗai ke karantawa, ka miƙa wa hidimar ta LoadCredential. Kuma tunda wanda ya yi kutse abin da yake fara nema shi ne goge sawunsa, ka riƙa tura kwafin kundin zuwa wani injin dabam, da rsyslog ko systemd-journal-upload, ko da tsohuwar kwamfuta ce a wani ɗaki.

Duk wannan shirin zai tashi a banza in ba ka karantawa. A Maris 2024 Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, ya lura sshd yana cin ƙarfin inji fiye da kima, shiga kuma tana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Bai ɗaga kafaɗa ya wuce ba, ya bi sawu har ya tono ƙofar baya da aka dasa cikin xz 5.6.0 da 5.6.1 kafin ta kai ga yawancin sabobin duniya. Ya gane abin ya saɓa ne domin ya san yadda injinsa yake idan yana lafiya. Kai ma ka san naka. Kowace safiya kafin ka buɗe saƙonnin waya, ka rubuta systemctl --failed ka ga ko akwai wanda ya kwana a ƙasa, ka bi shi da journalctl -p err --since yesterday, sannan ka leƙa kundin ssh ka ga adireshin da suka kwana suna gwada kalmomin sirri. Za ka same su da yawa, kada ka firgita, amma ka rufe shiga da kalmar sirri ka koma mabuɗi. In ka ga layin da ba ka gane ba, ka kwafe shi da lokacinsa a littafin aikin ofis, ka nuna wa abokin aikinka tun kafin la'asar. Allah ya yi maka albarka, ya tsare abin da ke hannunka.